Faɗuwar Gaba da Atisayen Numfashi: Gaskiya ne ko Neman Mabiya?

Tambaya: "Likita, barka da aiki. Ni malamar firamare ce, shekaruna 34. Kusan wata shida ke nan nakan ji gabana ya yanke ya faɗi ba gaira ba dalili, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku, numfashina ba ya isata, yatsuna su ɗauki tsikari, wani lokacin har su ƙandare. Na je asibiti an auna jini, an yi mini ECG, wato gwajin bugun zuciya, an ce lafiyata ƙalau, damuwa ce kawai. A gida wasu na cewa iska ce. Yanzu kuma ina ganin bidiyo a TikTok da Facebook ana cewa atisayen numfashi yana saita jijiyoyi. Gaskiya ne ko neman mabiya ne? In gaskiya ne, yaya ake yi?"

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah ya yaye miki. Akwai gaskiya a maganar, mai tushe a ilimin aikin jiki, sai dai masu bidiyon sun ƙara mata gishiri, kuma cikin abin da suke koyarwa akwai wanda zai tayar miki da ainihin abin da kike gudu. Numfashin da ke kwantar da jiki shi ne na a hankali, kaɗan-kaɗan, wanda fitarwarsa ta ɗan fi shaƙarsa tsawo. Zuƙar iska da ƙarfi har ƙirji ya cika maƙil, shawarar da kowa ke ba wanda ya firgita, tana iya zama ita ce ke ƙandarar miki da yatsu. Zan bi miki dalilin daki-daki, domin na lura wanda ya gane abin da ke faruwa a jikinsa tsoronsa yakan ragu tun kafin ya fara wani atisaye.

Akwai wani tsarin jijiyoyi a jikinki da ba ya jiran umarninki. Shi ke kula da bugun zuciya, da narkar da abinci, da zufa, da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini, kina barci ko kina farke. Reshe biyu gare shi. Na farko shi ne na shirin ko-ta-kwana: idan kika ji ƙarar harbi, ko ɗalibinki ya ruga titi mota na tahowa, shi ne ke sa a saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi da damatsa. Walter Cannon, masanin aikin jiki a jami'ar Harvard ta Amurka, ya lura cewa da zarar an tsorata kyanwa ko an fusata ta sai motsin cikinta ya tsaya cak, kuma a 1915 ya fitar da littafin da ya bayyana wannan shiri na faɗa ko gudu. Reshe na biyu na hutu ne da narkar da abinci. Babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ake kira begus, ta goma a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Tana saukowa ta gefen wuya dama da hagu, ta ba zuciya reshe, ta ba huhu, ta wuce ciki da hanji.

Mutane sukan ɗauka zuciya a kwance take sai tsoro ya zo ya tashe ta. Ba haka abin yake ba. Idan aka bar zuciyar babba da kanta, babu jijiyar da ke taɓa ta, za ta riƙa bugawa wajen sau 100 a minti. Abin da ya sa kina zaune take buga 60 zuwa 80 shi ne begus tana taka mata birki dare da rana. Shi ya sa wanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyar a wurin aikin, bugunsa yakan zauna a sama ko yana hutawa. To, abin da ke fara faruwa lokacin da gabanki ya faɗi shi ne an ɗage ƙafa daga birkin nan cikin ƙiftawar ido, tun kafin adirenalin ya gama zagaya jini.

Birkin ba zancen fatar baki ba ne, an auna shi tun da daɗewa. A 1921, a garin Graz na Ostiriya, Otto Loewi ya ɗauki zuciyar kwaɗi biyu, kowace da ruwan gishirin da take ciki. Ya tsokani begus ɗin ta farko da lantarki, ta rage gudu. Ya ɗebi ruwanta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu alhali ba a taɓa jijiyarta ba. Nan aka gane sinadari jijiyar take saki, wanda aka sani yanzu da asitilkolin, kuma aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1936.

Ta ina numfashi ya shigo? Ba za ki iya ce wa zuciyarki ta rage gudu ta ji ba. Haka hanji, haka zufa. Numfashi ne kaɗai cikin waɗannan manyan ayyuka yake tafiya da kansa in kin manta da shi, kuma kike iya karɓar ragamarsa in kin ga dama. Cibiyar da ke sarrafa shi a gindin ƙwaƙwalwa maƙwabciyar cibiyar begus ce, kuma suna aika wa juna saƙo a kowane numfashi. Duk sanda kika shaƙa, birkin yakan ɗan saki, zuciya ta ƙara sauri. Duk sanda kika fitar, sai ya sake kamawa.

Kada ki karɓi wannan daga bakina, ki gwada yanzu. Ki ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannunki, ɓangaren babban yatsa, har ki ji bugun. Ki shaƙa a hankali kina ƙirga biyar, ki fitar kina ƙirga shida ko bakwai. Zuwa zagaye na uku ko na huɗu za ki ji bugun yana matsowa kusa da juna in kina shaƙa, yana ba da tazara in kina fitarwa. A yara da matasa abin a fili yake, yana raguwa ne da shekaru da kuma wasu cututtuka irin su ciwon suga. Carl Ludwig na Jamus ya zana shi a takarda tun 1847, a jikin kare. Wannan ɗan hawa da saukar alamar lafiya ce, ita ke nuna begus na aiki.

Babba a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. In ya sauko wajen 6 a minti, wato daƙiƙa 10 ga kowane numfashi, wani abu na daban yakan faru. A cikin manyan hanyoyin jini na wuya, da wadda ta fito daga zuciya, akwai wasu ƙwayoyi masu jin matsin jini. In matsin ya hau sai su kai rahoto ƙwaƙwalwa a sa begus ta rage gudun zuciya, in ya sauka a saki. Wannan kai-kawon yana ɗaukar wajen daƙiƙa 10 a zagaye ɗaya. Idan numfashinki ya zo daidai da shi, sai su biyun su riƙa ƙarfafa juna, kuma a nan ne hawa da saukar bugun zuciya ke kaiwa ƙololuwa. Daga nan adadin shida ya samo asali.

A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya suka buga wani bincike a mujallar likitoci ta BMJ. Sun sa mutum 23 su karanta addu'ar carbi ta 'yan Katolika da harshen Latin, da kuma wata jimla da masu yoga ke maimaitawa. Ba a ce wa kowa ya rage numfashi ba, amma a duka biyun numfashin ya sauko kusan 6 a minti, kuma aikin ƙwayoyin nan masu jin matsin jini ya ƙaru. Binciken bai haɗa da karatun Alƙur'ani ko zikiri ba, sai dai dalilin a bayyane yake: a kan fitar numfashi ake magana. Duk wanda ya taɓa jan doguwar aya da tartili yana cika madda ya san yakan shaƙa gajere ya fitar dogo. Ibada don Allah ake yin ta, ban mai da ita atisaye ba. Ina nuna miki ne cewa jikinki ya riga ya san wannan salon, ba baƙon abu ne da ya zo da wayar hannu ba.

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki, domin a nan bayanin yatsunki yake.

Kowa ya san muna shaƙar oksijin muna fitar da iskar kabon, sai aka ɗauki kabon a matsayin shara kawai. Alhali jiki na buƙatar wani adadi nasa a cikin jini, shi ne ma babban ma'aunin da ƙwaƙwalwa ke dubawa ta san yaushe za a yi numfashi. Lokacin da gabanki ya faɗi, numfashinki yakan koma sama-sama da sauri, ko ki riƙa zuƙar manya-manya kina neman wanda zai kai ƙasa. Oksijin ba ya ƙaruwa da haka, domin jinin mai lafiya ya riga ya cika da shi, kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Kabon ne ke ta zubewa.

Da ya zube, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sai su tsuke. Daga nan jiri yake zuwa, da gani dishi-dishi, da jin kamar ba a duniya kike ba. Jinin kuma ya karkace daga ma'auninsa na tsami, sai sinadarin kalsiyom da ke yawo a sake ya maƙale a jikin furotin na jini, jijiyoyi su zama masu saurin tashi. Wannan ne tsikarin da kike ji a leɓe da kan yatsu. Akwai kuma abin da Christian Bohr na Denmark da abokan aikinsa suka bayyana a 1904: idan kabon ya yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jini sukan riƙe oksijin ɗinsu gam, ba sa sakar wa gaɓoɓi shi da sauƙi. Sai mutum ya ji iska ba ta isarsa, ya ƙara zuƙa, abin ya ƙara dagulewa.

Na sha ganin an shigo da budurwa ɗakin gaggawa a ɗauke, dangi na salati. Hannayenta sun ƙandare da wata siffa da ba ta canzawa: wuyan hannu ya tanƙwaro, yatsu huɗu sun miƙe sun haɗe wuri ɗaya, babban yatsa ya shige tafin hannu. Tana haki tana cewa za ta mutu, wata na yi mata fifita, wani na cewa "ja numfashi da ƙarfi, ja da ƙarfi." A maƙala mata ɗan na'urar auna oksijin a yatsa sai ya nuna 99. Bayan mun tabbatar zuciya da huhu lafiya suke, abin da muke yi shi ne a rage mutane, ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da ita ta riƙe hannunta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, suna numfashi tare a hankali. Ana nan zaune yatsun ke saki ɗaya bayan ɗaya.

A kan maganar iska, ba na jayayya da kowa a kan addu'a. Ki riƙe azkar ɗinki, a yi miki ruƙiyya in kina so, babu abin da ya hana a haɗa da asibiti. Amma wannan ƙandarewar hannun an san sababinta, ana iya jawo ta da gangan ga lafiyayyen mutum in ya yi ta haki na 'yan mintuna, kuma tana saki da zarar numfashi ya lafa. Abin da ke ci mini rai shi ne a turara wa mai fama da numfashi hayaƙi a hanci, ko a taru a danne ta. Wannan ƙara mata firgici ne, kuma in tana da asma zai iya zama ajalinta. Haka tsohuwar dabarar nan ta rufe baki da hanci da jakar takarda, likitoci sun bar ba da shawararta, domin in ashe asma ce ko ciwon zuciya, an hana mutum iskar da yake buƙata. Da leda kuwa kada ma a fara.

A Amurka, Alicia Meuret da abokan aikinta sun gina magani a kan wannan fahimtar. Sun ba masu ciwon firgici wata ƙaramar na'ura mai auna kabon a numfashi, suka koya musu na mako huɗu su riƙa numfashi a hankali kuma ƙarami, har adadin ya dawo daidai. A sakamakon da suka buga a 2008, akasarinsu sun samu sauƙin da ya ɗore har bayan shekara. Ki lura da abin da aka koya musu: a hankali, kuma ƙarami.

Ga yadda za ki yi. Ki zauna a kujera ko tabarma ki jingina bayanki, ki sassauta zani ko siket in ya matse miki ciki. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan a saman cibiya. Babbar tsokar numfashi faffaɗa ce, a shimfiɗe take ƙarƙashin huhu, ita ta raba ƙirji da ciki, kuma in ita ke aikin za ki ji hannun ƙasa yana ɗan tasowa, na sama kuwa kusan ba ya motsi. Ki rufe baki, ki shaƙa ta hanci daƙiƙa 4, ki fitar daƙiƙa 6, ta hanci ko ta leɓe a tsuke. Numfashin ya zama shiru, wanda ke zaune kusa da ke kada ya ji ƙararsa. Kada ki nemi cika huhu. In huɗu da shida sun yi miki tsawo, ki fara da uku da huɗu, ki riƙa ƙarawa cikin kwanaki. Hanci yana da amfaninsa: yana tace ƙura, yana ɗumama iskar yana jiƙa ta, abin da ake buƙata sosai da hunturu, kuma da yake hanyarsa ƙarama ce yana hana zuƙa da yawa.

Za ki ji ɗan ƙishin iska, kamar ki buɗe baki ki zuƙi babba. A nan mutane da yawa suke karaya su ce abin bai karɓe su ba. Wannan jin alama ce kabon yana dawowa inda ya kamata, kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙarancinsa tana ƙorafi. Ki daure masa matuƙar mai sauƙi ne, yana raguwa da sabo. In kuwa jiri kika ji, to kina zuƙa da yawa ne, sai ki rage girman numfashin ki bar saurinsa yadda yake.

Minti biyar zuwa goma, sau biyu a rana, ya wadatar. Bayan sallar asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, da kuma kafin barci. Sharaɗin da na fi matsa wa marasa lafiyata a kai shi ne a yi shi lokacin da ake lafiya ƙalau. Wadda ta ajiye shi sai ranar da gabanta ya faɗi a gaban aji za ta tarar ba ta iya ba, ta ƙara firgita da cewa ko maganin ma ya ƙi ta.

Akwai wata dabarar da ake yawan nunawa a bidiyo, ta ajiyar zuciya. Asalinta gaskiya ce. Kowa yakan yi ajiyar zuciya wajen kowane minti biyar bai sani ba, aikinta ta sake buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu da suka lotsa. Ki dubi yaron da ya gama kuka, yana jan numfashi biyu a jere sannan ya sauke dogo, daga nan jikinsa ya saki. A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka sa mutum ɗari da 'yan kai su yi atisaye na minti biyar kullum har wata guda, aka raba su: wasu suna wannan shaƙa biyu ta hanci da doguwar fitarwa ta baki, wasu wasu salon numfashin, wasu kuma zaman nutsuwa kawai. Masu ajiyar zuciyar ne suka fi ba da rahoton jin daɗin rai, saurin numfashinsu ma ya ragu. Sai dai ke, Malama, ina so ki yi hattara da ita. Masu irin matsalarki sun riga suna yawan ajiyar zuciya fiye da kima, kuma kowace ɗaya tana zubar da kabon. Ki yi ta sau ɗaya ko biyu in kin ji abin na tasowa, sannan ki koma ƙaramin numfashinki.

Ruwan sanyi a fuska ma yana taimakawa, musamman goshi da kewayen ido da hanci. Jijiyar fuska takan aika saƙo begus ta rage gudun zuciya. Ruwan randa ya isa.

Wanda nake hana ki gaba ɗaya shi ne salon nan na haki da ƙarfi sau talatin ko arba'in sannan a riƙe numfashi, wanda Wim Hof, mutumin Holand, ya yi suna da shi. An gwada shi a jami'ar Radboud ta Holand a 2014, aka ga yana ɗaga adirenalin sosai. Wato reshen ko-ta-kwana yake tasarwa da gangan. Ga mai firgici wannan jawo ciwon ne da hannunsa. Yana kuma sa suma, an samu waɗanda suka nutse a ruwa suna yin sa. Mai ciki, da mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, duk ba nasu ba ne, kuma ba a yin sa a ruwa ko ana tuƙi.

To yaya girman amfanin na a hankalin yake? Abin da yake yi wa bugun zuciya a lokacin da ake yin sa tabbas ne, kin ji da yatsunki. Amfaninsa na dogon lokaci yana nan, amma matsakaici ne. A 2023 wasu masu bincike a Ingila sun tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 785, suka samu cewa atisayen numfashi yana rage damuwa daga kaɗan zuwa matsakaici. Ni wannan ya ishe ni in ba da shawararsa, tunda ba a biyan ko sisi kuma ba ya cutarwa in an yi shi daidai. Amma maganar cewa minti uku za su saita miki jijiyoyi har abada, ko su warkar da ciwon suga da rashin haihuwa, ƙarya ce, kuma duk wanda ya nemi kuɗinki a kan haka ki riƙe abinki. Mai hawan jini zai iya ganin awonsa ya ɗan sauko, amma ba zai bar ƙwayarsa ba. Mai asma zai iya jin sauƙin rayuwa da shi, amma inhelarsa tana nan a aljihu.

Na ji daɗi da kika fara da asibiti. Duk da haka ki duba takardunki ki ga ko an auna waɗannan: yawan jini, domin ƙarancinsa ya yi yawa a matanmu kuma yana sa bugun zuciya da haki, suga, da kuma aikin ƙwayar tayirod ta wuya, wadda in ta yi yawan aiki takan zo da bugun zuciya, rawar hannu, rama da rashin jure zafi. ECG kuma hoton 'yan daƙiƙu ne. Akwai wata matsalar bugun zuciya da ke tashi farat ɗaya ta kai 150 ko fiye a minti, ta kuma tsaya farat ɗaya, kuma in ba ta tashi a lokacin gwajin ba ba za a gan ta ba. Don haka in abin ya zo, ki sa wani ya ƙirga miki bugun na minti guda a rubuta. Akwai na'urar da ake ɗaura wa mutum ta kwana a jikinsa tana ɗaukar bugun, manyan asibitoci suna da ita.

Akwai kuma alamomin da ba a zama a yi musu atisaye: ciwon ƙirji mai danna mutum yana tafiya hannu ko haɓa, suma, kumburin ƙafafu, haki da ke ƙaruwa da tafiya ko hawa bene, kasa kwanciya rigingine, leɓe ya yi duhu, tarin jini. Waɗannan asibiti ne a take. Ba ki faɗi ko kin haihu kwanan nan ba, amma dole in faɗa saboda sauran masu karatu: raunin zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a arewacin Najeriya, cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, tana kwana a zaune, kada kowa ya ce mata damuwa ce.

Ki kuma bincika abin da ke shiga bakinki. Goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, kuma shi kaɗai yana iya tayar da firgici ga wanda jikinsa ke da saurin tashi. Wasu magungunan mura suna sa bugun zuciya. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa mata a ɓoye, waɗanda wasunsu sitiroyid ne. Rashin barci da fita aiki ba karin kumallo ma suna da nasu hannun.

Sauran maganar ita ce ta damuwar kanta. Numfashi ba zai biya bashi ba, ba zai rage yawan yaran ajinki ba, ba zai sasanta abin da ke tsakanin mutum da mijinta ba. Yana ba ki sararin da za ki yi tunani da kai mai sanyi, daga nan sauran aikin naki ne da waɗanda kika amince da su. Ki lura kuma da wani tarko: kada ki fara gudun kasuwa, ko biki, ko shiga mota, don tsoron kada abin ya same ki a can. Duk wurin da kika guje wa, tsoronsa ƙaruwa yake yi. Firgicin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma ko ƙasa da haka sannan ya fara sauka da kansa, kuma duk muninsa ba ya tsayar da zuciya mai lafiya. Ki tsaya inda kike, ki sami wurin zama, ki yi ƙaramin numfashinki, ki bar shi ya wuce. Ki faɗa wa maigida ko wata abokiyar aiki tun yanzu abin da za su yi miki: su kore taro, su zauna kusa, su ƙirga miki da murya ƙasa-ƙasa, kada su ce ki ja da ƙarfi.

Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da abin ya zo, da lokacin, da abin da kika ci ko kika sha, da adadin bugun in an samu ƙirgawa. In kin yi wata guda kina atisayen kullum abin bai ragu ba, ko kin ga ya fara hana ki zuwa aiki, ko baƙin ciki ya haɗu da shi har kina jin rayuwa ta ishe ki, ki koma asibiti da littafin ki nemi a tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba hauka ba ne. Ciwon firgici yana jin magani sosai, ta hanyar zaman tattaunawa da ake koya wa mutum fuskantar alamomin, wani lokaci a haɗa da ƙwayar da likita zai rubuta ya kuma riƙa bibiya. Kada ki je kemis ki sayi Valium ko Lexotan da kanki don wata ta ce sun yi mata aiki. Suna kwantar da mutum a ranar, amma jiki na saurin sabawa da su, kuma barinsu yakan dawo da firgicin fiye da yadda yake a da.